Labon da ya auna wa ɗiyata CMV a Yamai: inda suka kyauta da inda suka gaza

Akwai wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a nan Yamai, irin wanda muke ce wa labo, da ƙafarmu ba ta ɗauke daga cikinsa ba tun makon sunan ɗiyata har ta wuce wata 6. An haife ta da ƙwayar cutar sitomegalobirus, wadda likitoci ke taƙaitawa CMV, ta kamu da ita tun tana ciki. Ba zan kama sunan wurin ba tunda akwai ƙorafi cikin maganata, kuma abin da zan faɗa zai yi wa mutum amfani ko wane labo likitansa ya tura shi. Ga yadda na gan su: hannunsu a kan jariri mai kyau ne, shugabar gwaje-gwajensu mace ce mai gaskiya, kuɗinsu da tsada, teburinsu na karɓar takardu kuwa saura ƙiris ya jawo mana asarar da ba ta gyaruwa.

Ni ɗan Tawa ne, ina koyar da ilimin halittu a lise, muna zaune a Bukoki da maiɗakina da yaronmu na fari mai shekara 2 da ƴan watanni. Ɗiyar ta zo a kan lokacinta amma ƴar ƙarama, kilo 2 da ɗan kai. Shawara ta fito mata da wuri, ga wasu ɗige-ɗigen ja a fuska da ƙirji waɗanda ba sa ɓacewa in an danna. Likitan yara ya taɓa cikinta ya ce saifa ta kumbura, awon jini ya nuna ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun yi ƙasa, da aka sa mata na'urar gwajin ji kuma kunnen hagu bai amsa ba. Ya rubuta takarda ya miƙo mini ya ce, "Malam, fitsarinta za a auna, gwajin PCR mai neman ƙwayar kanta, kuma kada ka yarda ta kai kwana 21 ba a ɗauka ba."

A kan wannan kwana 21 komai ya rataya. CMV ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Danginsu ɗaya da ƙwayar da ke kawo ƙarambau, kuma in ta shiga jiki ba ta fita, sai dai ta kwanta. A ƙasashen Afirka sama da kashi 90 cikin 100 na manya sun taɓa kamuwa da ita, yawanci tun suna yara, ba su ma sani ba. Tana fita a miyau, a fitsari, da nono. Jaririn da ya zo lafiya yana iya ɗaukarta wajen haihuwa ko a nonon uwarsa, kuma wannan ba ya yi masa illa in ba bakwaini ba ne. Sai dai irin wannan kamuwa ba ta bayyana a fitsari sai bayan kamar mako 3. Saboda haka in aka ga ƙwayar kafin kwana 21, daga ciki ya zo da ita. In bayan nan aka gan ta, ba mai iya rantsuwa a kai. Bambancin kuwa babba ne, domin wadda aka ɗauka a ciki ita ce ke taɓa kunne da ido da ƙwaƙwalwa.

Inna, mahaifiyar maiɗakina, ta zo daga Tawa don wankan jego, kuma maganar fitar ba ta yi mata daɗi ba. "Jaririyar da cibiyarta ba ta gama bushewa ba za ku fita da ita cikin wannan rana? Ku bari a yi arba'in mana." Ban ja da ita ba, ɗiyarta ce ta yi mata bayani a ɗaki, washegari kuma ita da kanta ta riƙe jikar a cikin taksi. Na kawo wannan ne don na san gidaje da yawa za su tsaya jiran arba'in da kyakkyawar niyya, alhali kafin ranar lokacin gwajin ya wuce, na fara maganin ma ya wuce.

Bari in fara da inda suka gaza, tunda nan mutum ke fara tsayawa. Saurayin da ke teburin karɓa ya duba takardar likita, idonsa ya faɗa kan haruffan CMV, sai ya buga mana kuɗin gwajin garkuwar jini, wanda suke kira serolozi, IgG da IgM. Ya ce shi suke yi a nan, ya fi araha, gobe a karɓi sakamako. Na nuna masa PCR ɗin da likita ya rubuta har ya ja layi a ƙarƙashi, ya ce duk ɗaya ne. Ko kusa ba ɗaya ba ne. Serolozi sawun da ƙwayar ta bari a garkuwar jiki yake bi, IgG ɗin da ke jinin jariri kuwa na uwarsa ne, ta mabiyiya ya ratsa zuwa gare shi. A ƙasar da kusan kowace uwa ke da shi, kusan kowane jariri za a samu da shi, mai lafiya da marar lafiya. IgM kuma sau da yawa ba ya fitowa a jariran da ke ɗauke da cutar da gaske. PCR shi ƙwayar kanta yake nema, DNA ɗinta, wato rubutun gadonta. Da uban da bai shiga aji ba ne ya zo da wannan takarda, ko kaka aka aiko, da an biya, an karɓi sakamako mai tambari, an kai wa likita, ya sake turo su, kwanaki kuwa na ta tafiya. Na dage sai an kira babba. Wata dattijuwa mai gilashi ta fito daga ciki, ita ce ke sa hannu a kan sakamako, kowa Dakta yake ce mata. Ta karanta takardar, ta tambayi ranar haihuwa, ta ƙirga a yatsa, ta soke abin da saurayin ya rubuta ba tare da ta tozarta shi a gabanmu ba. Har yau ina ganin wannan teburi ne raunin gidan. Wanda ya fi kowa ƙarancin sanin aikin shi aka ajiye a ƙofa.

Ɗaukar fitsarin jaririya ƴar kwanaki aiki ne na haƙuri, a nan kuma suka burge ni. Ma'aikaciyar ta wanke hannu a gabanmu, ta sa safa, ta kwance famfas, ta goge wurin da auduga da ruwa, ta jira ya bushe sarai. Sannan ta ɗauko wata ƴar leda mai manne a baki, ta ɓare takardar bayanta ta liƙa, tana bin gefen da ɗan yatsa don kada ya bar kafa. Ta ce da maiɗakina, "Maijego, ba ta nono, ki riƙe ta a tsaye a ƙirjinki." Muka zauna jira. Da fitsarin ya zo sai ya zurara ta ƙasa ya jiƙa zanen Inna, ledar ba ta kama komai ba. Matar ko fuska ba ta ɓata ba. Ta sake wanke wurin, ta ɗauko sabuwar leda, ba ta kuma ce a koma teburi a ƙara kuɗi ba. Da ya taru, bai fi cokali biyu ba, ta zuƙe shi da sirinji ta zuba a ƴar kwalba mai murfi, ta rubuta suna da ranar haihuwa da ƙarfe nawa aka ɗauka, ta nuna mini in tabbatar, ta sa a firigo ina gani.

Na tambaye ta me ya hana a ɗauki miyau, tunda shi tsinke mai auduga ne kawai a goga a cikin kumatu. Ta ce ana yi, amma sai an bar jariri aƙalla awa 1 bayan ya sha nono, domin nonon uwa yakan bar ƙwayar a bakin yaro, gwaji ya ce akwai alhali babu. Kuma ko miyau ya nuna, sai an tabbatar da fitsari. Tunda abin tafiya mai nisa zai yi da kuɗi mai yawa, gara a aika da wanda ba sai an maimaita ba. Na ga hankali a maganarta. Jinin da shi ma za a yi wa PCR kuwa, a bayan hannu ta samu jijiya ba tare da ta yi ta lalube ba, ta zuba a ƴar kwalba mai murfi shunayya.

PCR ɗin ba a gidan suke yin sa ba, ƙasar waje suke aikawa cikin akwatin sanyi, sun kuma faɗa mana haka tun farko. Inda na yi kuka da su shi ne jira. Ranar da suka ce ta zo ta wuce, ba wanda ya kira ya ce ga inda aka kwana. Ni nake bugawa, wani lokaci wayar ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Ga mai jiran awon sukari wannan ba komai ba ne. Mu kuwa maganin ana so a fara shi cikin watan farko na rayuwa, duk ranar da ta faɗi ta tafi da rabonmu. Ya kamata takardar jariri irin wannan ta samu alama ta dabam tun daga teburi, a san wa za a kira da zarar amsa ta iso.

Sakamakon ya zo a ambulan, da Faransanci, shafi biyu. Saurayin nan ya miƙo ya ce Allah ya ƙara sauƙi. A fitsari adadin ƙwayar ya haura miliyan a kowane mililita. A jini an rubuta 18,000 UI/ml, wato adadin ƙwayar a kowane mililita bisa ma'aunin ƙasa da ƙasa, a gefe kuma 4.3 log, adadin nan dai a taƙaice. Maiɗakina ta yi karatu daidai gwargwado. Ta ga sifili a jere, ta zauna a kan benci ta rufe fuska da mayafi. Ba a ba uwa irin wannan takarda a tsaye a bakin teburi.

Na nemi ganin Dakta, ta kuwa shigar da mu ofishinta, ta ja wa Inna kujera. Abin da ta yi cikin wannan zama shi ya sa, duk da ƙorafina, zan iya tura ɗan'uwana wurin. Da Hausa ta yi magana, kuma uwar ta fuskanta, ba ni ba. "Ƙanwata, kada wannan miliyan ɗin ya tsorata ki. Jaririn da ya zo da cutar nan daga ciki haka fitsarinsa yake, har wanda ba abin da ya same shi. Ƙoda ce ke zubar da ita. Lambar ta gaya mana akwai, ba ta gaya mana yadda ɗiyarki za ta kasance ba."

Na bi maganar a karatu daga baya, na tarar haka take. Adadin ƙwayar cuta a jini, wanda ma'aikatan lafiya ke ce wa sharji biral, mun fi saninsa wajen masu shan maganin SIDA, kuma a can ma'auni ne mai kaifi: in ya sauka magani na aiki, in ya hau akwai matsala. A CMV na jarirai ba shi da wannan kaifin. Gaskiya ne in aka tara jarirai masu yawa, waɗanda suka zo da alamun ciwo sukan fi yawan ƙwayar a jini a kan waɗanda suka zo ƙalau. Amma rukunin biyu sun cuɗanya sosai. Akwai mai adadi babba da ke ji garau, akwai mai adadi kaɗan da kunnensa ya tafi yana shekara 3. Har yau ba a tsayar da wata lamba da za a ce daga nan zuwa sama kurumta, daga nan zuwa ƙasa lafiya ba. Ba 18,000 ɗin ne ya sa likita ya ce a ba ɗiyata magani ba. Saifarta ya duba, da jininta, da kunnenta, da hoton kan da aka ɗauka ta maɗiga.

Na kuma yaba da yadda aka rubuta adadin da UI. A da kowane labo da irin ƙirgarsa, jini ɗaya a kai wuri biyu a dawo da lambobi masu nisa da juna. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni guda na CMV da kowa zai daidaita na'urarsa da shi. Ya rage saɓanin amma bai kawar da shi ba, kuma jini cikakke yakan fi ruwan jinin da aka tace yawan ƙwayar. Shi ya sa Dakta ta ce in za a maimaita, a yi a wuri ɗaya da irin jini ɗaya, in ba haka ba ba za a iya kwatanta na yau da na jiya ba. Shi kuma log, hawa ɗaya a cikinsa ninki 10 ne. Daga 18,000 zuwa 25,000 ba canji ba ne, ɗan wasan na'ura ne. Sai an ga ninki mai yawa ake magana.

Da yake gado da ƙwayoyin halitta nake koyarwa, na yi tambayar da ke cina: wane iri ne ya kama ta, kuma akwai mai tsanani da mai sauƙi? CMV ba abu ɗaya ba ce. DNA ɗinta ya kai haruffa kusan 235,000, ya fi na duk ƴan'uwanta masu kama ɗan Adam tsawo, kuma wasu sassansa sun bambanta ƙwarai daga wannan mutum zuwa wancan. Kamar gero ne a gonakinmu: zango da hainikire duk gero ne, amma manomi ya san ba ɗaya suke ba. Masu bincike sukan raba irin ta furotin da ke jikin rigar ƙwayar, waɗanda take kutsawa cikin ƙwayoyin jikinmu da su. Wanda ake kira gB yana da manyan iri 4, gH yana da 2, gN yana da 4 da rassansu. Jariri ɗaya yana iya ɗauke da iri fiye da ɗaya a lokaci guda, wanda ya fi yawa a fitsarinsa ma ya bambanta da na jininsa. In iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya sukan yi musayar sassa, a samu gauraye da ba ya shiga kowane rukuni tsaf. An yi shekaru ana neman a ce gB kaza ne mai kurumtar da yara. Wannan bincike ya ce ya ga alaƙa, na wata ƙasa ya ce bai gani ba, wani kuma ya nuna wani iri dabam. Ba a samu matsaya ba.

Dakta ta san da wannan. Ta ce, "Malam, akwai inda za mu iya aikawa a tantance maka irin, kuɗinsa kuma ya fi na gwajin farko. Amma ko wane iri aka ce, maganin ɗaya ne, awonsa ɗaya, watanninsa ɗaya. Riƙe kuɗinka, kunne zai buƙace su." Labo ne da ke cin riba a kan kowane gwaji, ga uba ya kawo kansa yana roƙon a yi, ta hana. Ta ƙara da cewa wuri ɗaya ne karanta DNA ɗin ƙwayar ke yi wa majinyaci amfani: in ana ba da magani daidai amma adadin jini sai hawa yake, jikin yaro kuma sai baya yake yi, sai a duba sassa biyu, UL97 da UL54, inda ƙwayar kan sauya ta daina jin maganin. Wannan ya fi samun manyan da aka yi wa dashen gaɓa, masu daɗewa a kan maganin. A jarirai ba kasafai ba.

Amma bambancin irin ya amsa mana wata tambaya da ta fi tawa nauyi, wadda maiɗakina ta yi murya ƙasa-ƙasa: "Dakta, ni na sa mata? Me na yi?" Mutane da yawa, har cikin ma'aikatan lafiya, suna zaton sai matar da ta kamu karon farko tana da ciki ce ke ba ɗanta. Ita ce ta fi shiga haɗari, gaskiya. A irin wannan kamuwa kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 cutar takan ratsa zuwa ɗan tayi. Sai dai wadda ta daɗe da garkuwa ma ba ta kuɓuta ba. Tsohuwar ƙwayar da ke kwance tana iya farkawa, ko wani sabon iri da garkuwarta ba ta gama saninsa ba ya shigo. Haɗarin mace ɗaya kaɗan ne, amma da yake kusan duk matanmu a wannan rukuni suke, yawancin jariran da ke zuwa da CMV a ƙasashe irin namu daga nan suke fitowa. Shi ya sa inda kowa ke da garkuwa cutar ba ta ragu ba, yawa ma ta fi yi. A Amurka ana lissafin jariri 1 cikin 200. A Barazil, inda kusan duk iyaye mata ke da garkuwa, an samu kusan 1 cikin 100. A Gambiya wani bincike da aka wallafa a 2007 ya samu kimanin 5 cikin 100.

Hanyar da ta fi bi kuwa ƙananan yaran gida ne. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yakan yi watanni, har shekaru, yana zubar da ita a miyau da fitsari yana wasansa lafiya lau. Uwa ta share masa majina, ta shanye sauran kunun da ya rage a kofinsa, ta sumbace shi a baki, ta wanke masa wando. Wace uwa ce ba ta yin haka? Dakta ta ce da ita, "Reno kika yi, ba laifi ba." Ta kuma ja mata kunne kada ta kuskura ta daina ba da nono. Allurar rigakafi babu har yau. Abin da ke hannun mai ciki shi ne sabulu bayan ta canza wa yaro famfas ko ta share masa hanci, ta raba cokali da kofi da shi, sumba kuma a goshi.

Maganin sunansa valganciclovir. Siro ne, miligiram 16 a kowane kilo na nauyin jariri, sau 2 a rana, har wata 6. Tsarin ya fito ne daga binciken da David Kimberlin na jami'ar Alabama da ke Birmingham ya jagoranta, aka wallafa a 2015, inda aka gwada mako 6 da wata 6, aka ga mai tsawon ya ɗan fi kare ji da ci gaban yaro zuwa shekara 2. Ɗan fi na ce, don ba a yi wa kowa alkawarin dawowar kunnen da ya tafi, ba ya kuma kashe ƙwayar ƙurmus. Ba kowane jariri mai CMV ake ba shi ba. Kusan 9 cikin 10 suna zuwa ba wata alama, su ido ake sa musu. Samunsa a Yamai ya ba mu wuya, sai da wata farmasi ta sa aka kawo daga waje. In an haɗa shi da ruwa firigo yake so, kuma ba ya wuce kwana 49. Duk wanda ya san yadda wuta ke yi a garin nan cikin Afrilu da Mayu ya san yawan ƙanƙarar da muka saya.

Illarsa ita ce yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, don haka ake auna jini kowane mako da farko, daga baya kowane wata. Wannan a gidan suke yi, a nan kuma ba ni da abin cewa sai godiya. Da safe a ɗauka, kafin la'asar hoton takardar ya shigo wayata ta WhatsApp. Matar nan da ta ɗauki fitsari ita ke neman jijiyar, tana sauya hannu, ta san wanda aka soka makon jiya ba sai an tuna mata ba. Wani mako fararen ƙwayoyin suka faɗi sosai. Kafin ni in ga takardar, Dakta ta riga ta kira likitan yaran da kanta, shi kuma ya kira ni bayan magariba ya ce a dakata da siro har a sake aunawa. Aka dakata, jinin ya farfaɗo, aka ci gaba. Wannan kira ya wanke musu laifi mai yawa a wurina.

A tsakiyar magani likita ya sa aka maimaita adadin jini, ya sauka ƙasa da abin da na'ura ke iya ƙirgawa. Mun yi murna, amma Dakta ta gargaɗe mu tun kafin a gama: in an daina siro adadin yakan sake hawa, haka aka saba gani, ba alamar komawa baya ba ce, ba kuma dalilin sake magani ba ne. Saboda haka da saurayin teburi ya ce ko za a ƙara wani bayan wata 6 don hankali ya kwanta, na ce a barshi.

Maganar kuɗi. PCR na fitsari da na jini tare sun ci mana sama da jika 100, awon jini na mako-mako kuma jika 5 da ɗan kai kowane zuwa. Tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, da ƙasar nan ta kafa tun 2006, bai shafi labo mai zaman kansa ba. Albashin malami bai ɗauka ba sai da ƴan'uwa suka tallafa, Inna ma ta sa aka sayar da tumakinta a Tawa. Ba sa karɓar biya kashi-kashi, ba kuma ragi ga wanda zai riƙa dawowa kowane mako; na roƙa, ba a yi ba. Takardar kuɗi dai sukan bayar cikakkiya, kowane gwaji da farashinsa a rubuce.

Wurin da tsabta, kuma in wuta ta ɗauke gurup ɗinsu na tashi nan take, firigon ba ya tsayawa. Ɗakin jira kuwa ɗaya ne ga kowa, benci da fanka, ba labule ba lungu don mai shayarwa. Jaririyar da fararen ƙwayoyin jininta suka ragu ga ta zaune kusa da dattijo mai tari. Dole muka koma zuwa da sassafe, ni in shiga layi, su su jira a inuwar dogon yaro a waje sai an kira sunanmu.

Gwajin ji ba aikinsu ba ne, amma ina ganin gazawa ce da takardarsu ba ta da ko layi ɗaya da zai tuna wa iyaye shi. In an cire gado, CMV ce kan gaba cikin abubuwan da ke kurumtar da yara tun daga haihuwa. Ko cikin waɗanda suka zo ba alama, kamar 1 cikin 10 yakan rasa ji, wani sai bayan ya fara tafiya, don haka ake maimaita gwajin lokaci-lokaci har yaro ya isa shiga makaranta. Ɗiyata jin kunnenta na hagu ya ragu, bai ƙara lalacewa ba zuwa yanzu. Na dama yana ji, kuma idonta lafiya. Kuɗin da Dakta ta ce in riƙe can suke tafiya.

Ga ƴan'uwa na Tawa da likita zai turo Yamai: tafiyar kusan kilomita 550 ce ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, yini guda a mota ga maijego da jariri. Kafin a taso a kira labon a tambaya ko suna karɓar fitsarin jariri don PCR na CMV, a kuma tambayi ranar da akwatinsu ke tashi, domin ba kullum ake aikawa ba. Namu ya kwana a firigo yana jiran ranar, ba kuma wanda ya faɗa mana sai da na tambaya. A zo da katin haihuwa, a roƙi likita ya rubuta PCR da manyan haruffa tare da kwanakin jariri a gefe. In na teburi ya ce serolozi, kada a biya, a ce a kira babba.